Zauren 'Yan Mata: Nauyin Farar Riga

   

A 'yan watannin nan wasiƙu da yawa da ke zuwa wannan fili magana ɗaya suke ɗauke da ita: Anti, ina son in zama likita, Anti, ina son in karanta aikin jinya ko ungozoma, kuma a ƙasar waje nake burin yi. Wata ma cewa ta yi tun ranar da ta ga hoton 'yar unguwarsu sanye da farar riga, ga abin sauraron ƙirji rataye a wuya, ba ta ƙara barci mai daɗi ba.

To ƙannena, wannan buri ne mai kyau, kuma muna cikin tsananin buƙatarsa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne. Kowaccenmu kuma ta san wata baiwar Allah da ta ɓoye ciwonta har ya ci ƙarfinta, don kawai tana kunyar buɗe jikinta gaban likita namiji. Amma Hausawa na cewa gani ya kori ji. Shi ya sa na zaunar da wata 'yar uwata, ɗiyar yayar mahaifiyarmu, wadda ta yi shekara huɗu da 'yan watanni tana karatun likita a Hartum, babban birnin Sudan, na ce ta feɗe mini biri har wutsiya. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, don haka Yaya kawai zan riƙa kiranta, yadda nake kiranta a gida. Abin da na tsinta a hirar tamu shi ne, ainihin karatun likita a gefen gadon marar lafiya ake yin sa, kuma duk mai shirin tafiya sai ta fara tambayar yadda za ta dawo.

Me ya sa Sudan?

Kafin yaƙin 2023, Sudan na cikin ƙasashen da iyayenmu na Arewa suka fi sakin jiki su tura 'ya'yansu mata. Kuɗin makaranta bai kai na Turai ba, ga masallaci ko'ina, ga suturar matansu irin tamu ce, don lafayar nan da muke yafawa a biki ita ce tufar yau da kullum ta matan can. Ƙasar kuma ta daɗe da karatun lafiya. An buɗe makarantar ungozoma ta Umdurman a 1921, aka buɗe makarantar likita ta Hartum a 1924, a 1952 kuma ta yaye likitoci mata na farko, cikinsu har da Khalida Zahir. Akwai ma jami'ar mata zalla a Umdurman mai suna Ahfad, wadda tushenta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya kafa a garin Rufa'a tun 1907.

Yaya ta sauka a can a ƙarshen 2018. Ta ce abin da ya fara yi mata sallama zafi ne, irin wanda ke haura digiri 40, sai kuma guguwar ƙura da suke kira habub, wadda kan taso da rana tsaka ta mai da gari kamar magariba. Abinci kuwa, wake ne da suke kira ful safe da yamma, sai kisra, wata 'yar siririyar waina mai tsami-tsami. Ta ce ta yi kukan tuwo da miyar kuka ba sau ɗaya ba, zoɓo ne kawai, wanda su suke ce wa karkade, yake tuna mata gida.

Shekarun farko duk a aji da ɗakin gwaje-gwaje suke ƙarewa. Ana koyon sunan kowane ƙashi daga cikin 206 da ke jikin baligi, da kowace jijiya da inda ta bi, da yadda zuciya da ƙoda da hanta ke aiki. A nan ne ake shiga ɗakin da ake koyo a jikin gawa. Yaya ta ce ranar farko warin maganin da ake adana gawar da shi ya sa idonta hawaye, ta kwana biyu ba ta iya cin nama ba. Daga baya malaminsu ya ce musu su riƙa tuna cewa wannan bawan Allah shi ne marar lafiyarsu na farko, su girmama shi. Tun daga nan, in ta shiga sai ta yi masa addu'a a zuci kafin ta sa safar hannu.

Ranar da aka shiga asibiti

Bayan an haye waɗannan shekaru sai a fara zuwa asibiti, ana zagayawa da ɗalibai sashe-sashe: na cututtukan manya, na tiyata, na yara, na mata da haihuwa, da na lafiyar al'umma. Kullum da sassafe babban likita zai zaga gado-gado, ɗalibai na biye da shi kamar 'yan tsaki, ya tsaya kan wanda ya ga dama ya ce, ke, ba mu labarin wannan. Dole ki san abin da ya kawo shi, tun yaushe, bugun jininsa nawa ne a minti ɗaya, don na lafiyayyen baligi tsakanin 60 zuwa 100 yake, zafin jikinsa ya wuce digiri 37 ko bai wuce ba. In kika yi inda-inda a gaban jama'a za ki sha kunya.

A nan ne Yaya ta gane abin da babu wanda ya gaya mata a gida. Da Turanci ake koyarwa a aji, amma marar lafiya ba ya jin Turanci. Ita kuwa tana taƙama da Larabcin Islamiyya, sai ta tarar Larabcin kasuwa da na asibiti daban yake. Sai da ta sayi ɗan littafi tana rubutawa: "malik ya hajja" shi ne me ke damunki Hajiya, "waja" ciwo, "wen" ina, "min miten" tun yaushe. Ta ce wata shida ta yi tana raɓewa bayan ƙawayenta 'yan ƙasa suna fassara mata. Ku lura da wannan da kyau, ƙannena. Mafi yawan abin da likita ke gane ciwo da shi daga bakin marar lafiya yake fitowa. In ba kya jin harshensa, kin zama 'yar kallo, ko da kuwa ke ce ta ɗaya a jarrabawa. Wannan haka yake ko Masar za ki, ko Rasha, ko Sin.

Wata safiya aka kwantar da wata tsohuwa da ta ƙi yi wa kowa magana, sai juya kai take yi. Yaya na gyara mata robar ƙarin ruwa sai ta ji tsohuwar ta ce a hankali, "Wayyo Allah, bayana." Da Hausa! Yaya ta durƙusa ta ce, "Sannu Iya, ina ne ke miki ciwo?" Tsohuwa ta riƙe hannunta gam ta ce, "'Yar nan, ke ta wace ƙasa ce?" Ashe daga wajen Sinnar aka kawo ta. Kun san akwai Hausawa da Fulani masu ɗimbin yawa a Sudan, jikokin mahajjatan da suka bi ta ƙasa da ƙafa zuwa Makka, da kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da har ya ɗauki sunansa. Cikin minti goma tsohuwar ta gaya wa Yaya abin da ta kwana biyu tana ɓoye wa likitoci maza, cewa tana ganin jini alhali ta daɗe da daina al'ada. Wannan maganar ce ta sa aka tura ta sashen mata. Yaya ta ce a ranar ne ta san dalilin da ya sa Allah ya kai ta wannan karatu.

Daren ɗakin haihuwa

Aikin kwana shi ne ma'aunin kowace ɗaliba. Yaya ta ba ni labarin wani dare da wata yarinya mai cikin fari ta haihu lafiya, ana ta barka, sai ungozoma ta ga zane na jiƙewa. Abin da ke faruwa shi ne, bayan mabiyya ta fita, mahaifa kan dunƙule ta yi tauri, wannan dunƙulewar ce ke matse jijiyoyin jini. In ta saki ta yi laushi, sai jini ya ɓalle. Jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa haɗari ne, kuma zubar jini na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu jego a duniya. Nan take ungozoma ta kama hannun Yaya ta ɗora a kan marar yarinyar ta ce murza, kar ki daina. Aka yi mata allurar da ke sa mahaifa ta dunƙule, aka sa ruwa a hannu biyu, aka ruga neman jini. Yaya ta ce hannunta har ya sage, tana murzawa tana salati, har ta ji abin ya yi tauri a ƙarƙashin tafinta kamar ƙwallon goruba. Da asuba yarinyar ta buɗe ido ta nemi jaririnta.

Ta ce ta karanta wannan babi sau uku kafin wannan dare, amma sai da hannunta ya taɓa sannan ta san bambancin mahaifa mai laushi da mai tauri. Ta kuma ce in isar muku da saƙo, ku gaya wa yayyenku da matan yayyenku: mai ciki da awon jininta ya kai 140 bisa 90, ko take fama da matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, a kai ta asibiti a ranar, don alamun jijjiga ke nan. Ba iska ba ce, ba kuma sammu ba.

Wani amfanin fita shi ne ganin cututtukan da ba kasafai za ki gani a gida ba. A Sudan akwai wani ciwo da ake kira maisitoma, wanda ƙwayarsa ke shiga ta inda ƙaya ta soki ƙafa, ƙafar ta yi ta kumbura shekara da shekaru tana fitar da wasu 'yan tsaba, har wani lokaci sai an yanke ta. Manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi ya fi kamawa. An kafa cibiyar bincikensa a asibitin Soba na Hartum a 1991 ƙarƙashin Farfesa Ahmed Fahal, kuma sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Amma akwai ɗaya gefen. Wadda ta yi karatu a ƙasar sanyi za ta iya gamawa ba ta taɓa ganin yaro mai zazzaɓin cizon sauro ko mai sikila ba, alhali su ne za su cika mata layi ranar da ta dawo.

Ranar Asabar, 15 ga Afrilu, 2023

Tun zuwan Yaya ƙasar ba ta zauna daidai ba. An yi zanga-zangar da ta kai ga tuɓe Shugaba Umar al-Bashir a Afrilun 2019, aka rufe jami'o'i wata da watanni, korona ta zo a 2020, sojoji suka sake juyin mulki a Oktoban 2021. Kowane karo sai a ce zai wuce. Ranar Asabar ɗin nan kuwa, cikin goman ƙarshe na azumi, suka wayi gari da ƙarar bindigogi da jiragen yaƙi. Faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasa na Janar Burhan da dakarun RSF na Hamdan Dagalo, a tsakiyar birni. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, shaguna suka rufe. Yaya ta ce a ƙarƙashin gado suka yi buɗa-baki da dabino da ragowar biskit, haka kuma Ƙaramar Salla ta same su.

A ranar 26 ga Afrilu motocin da gwamnatin Nijeriya ta yi haya suka fara kwashe ɗalibai daga Hartum, suka nufi arewa ta cikin sahara zuwa iyakar Masar. A bakin iyaka suka yi kwanaki suna jiran izinin shiga, rana ta dake su, dare sanyi ya kama su. Daga nan aka kai su Aswan, jirgin farko ya sauka Abuja a daren 3 ga Mayu. Wasu kuma ta Fot Sudan da ke bakin Bahar Maliya aka kwaso su. Yaya ta ce ko a cikin motar ba ta tsira daga karatunta ba, don da wata ɗaliba ta some saboda ƙishirwa, su 'yan ajin asibiti aka waiwaya ana kallo. Suka kwantar da ita, suka ɗaga ƙafafunta, da ta farfaɗo suka haɗa mata ruwan gishiri da sukari suna ba ta kurɓi-kurɓi.

Da 'yar jaka ɗaya ta dawo. Littattafanta, farar rigarta, da takardun sakamakon shekara huɗu duk suna can. Ta daɗe tana fafutukar samo shaidar karatunta kafin wata jami'a ta karɓe ta, kuma sai da ta koma baya da shekara guda. Da na tambaye ta ko ta yi da-na-sani, sai ta yi murmushi ta ce, "Ƙanwata, an ƙwace min takarda, amma abin da hannuna ya koya yana nan."

Kafin ki ɗaure akwati

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da Yaya ta ce in jera muku.

Na farko, tun daga aji huɗu na sakandare ki riƙe darussan kimiyya da hannu biyu. Sai da kiredit a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji ake maganar likita, a gida ko a waje.

Na biyu, kafin Baba ya sayar da gona ko Inna ta sayar da sarƙarta, a je a tambayi hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ko ta san da makarantar. Mai son jinya ko ungozoma ta tambayi hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma. Kada a tsaya ga daɗin bakin dillalin makaranta, shi ladansa yake nema. Ki sani kuma duk wanda ya karanta likita a waje sai ya ci jarrabawar MDCN in ya dawo, sannan ya yi shekara guda ta horo a asibiti, sannan bautar ƙasa. Lokacin da yaƙi ya kori ɗalibanmu daga Yukren a 2022, wasu makarantun can suka koma koyarwa ta intanet, sai hukumar ta fito fili ta ce ba ta yarda da karatun likita ta intanet ba. Wasu sun ji haushi, amma ki tuna daren nan na ɗakin haihuwa, ki gaya mini ta yaya za a koyi wannan a waya.

Na uku, ki tambayi waɗanda suka riga ki zuwa: makarantar na da asibitin koyarwa? Ana barin baƙi su taɓa marasa lafiya, ko daga bakin ƙofa suke leƙe? Da wane harshe ake magana da su?

Na huɗu, fasfonki ya zauna a hannunki ko inda za ki iya ɗaukarsa cikin minti biyar. Ƙarshen kowace shekara ki karɓi takardar sakamakonki mai hatimi, ki ɗauki hotonta ki turo gida. Ki yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarki, ki kuma ɓoye ɗan kuɗin da ba kya taɓawa sai ranar tsanani.

Na biyar, ki yi rigakafin ciwon hanta kafin ki fara shiga asibiti, allura uku ce cikin wata shida, don mai aiki da allura da jini ba ta rasa tsautsayi.

Na shida, kada ki raina na gida. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga na Sakkwato da na Maiduguri, 'yan uwanmu na Nijar kuma ga Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Gurbi ne ke da wuya, ga yajin aiki da kan ja shekaru, amma marasa lafiyar da za ki koya a kansu harshenku ɗaya, ciwonsu kuma shi ne wanda za ki yi ta gani har ki tsufa. Makarantun jinya da na ungozoma ma hanya ce mai daraja. Kun dai ji wadda ta fara ganin jinin nan a daren, ungozoma ce.

To, maganar aure fa?

Na san wannan ce tambayar da ke cin zuciyar da yawanku, ko da ba ku rubuto ba. Karatun likita a Nijeriya shekara shida ne in ba a samu tsaiko ba, ga horo ga bautar ƙasa. Wadda ta shiga tana da 18 za ta fito ta doshi 26, ƙawayenta na goye da na biyu ko na uku. Gaskiya ɗaya ce, kada ki yaudari kowa, kada kuma ki bari a yaudare ki. In akwai wanda ya fito, a zauna da manya tun wuri a yi magana a fili: zai jira, ko za a ɗaura a ci gaba da karatu a ɗakinsa? In ya ce ya yarda, to ya faɗa gaban waliyyai, ya kuma san cewa akwai kwanan asibiti, akwai ranar da zai dawo bai tarar da tuwo ba. Alkawarin zaure da daddare, daga ke sai shi, ba ya hana shi canza magana bayan biki. Akwai matan da suka yi karatun nan da goyo a baya suka gama lafiya, saboda sun samu miji da uwar miji masu fahimta. Wanda kuwa ya ce ko shi ko karatu tun kafin ya kawo lefe, to ya taimake ki, don ya nuna miki halinsa da wuri. Ki yi istihara, ki shawarci iyayenki, ki kuma tuna ranar da tasa matar ko ƙanwarsa za ta shiga naƙuda, shi ma likita mace zai fara nema.

A nan zan dakata sai fitowa ta gaba, inda za mu taɓa maganar zaman hostal da irin ƙawayen da ya kamata yarinya ta kama. Masu shirin jarrabawa Allah ya ba da sa'a, marasa lafiyarmu na gida da na asibiti Allah ya ba su sauƙi, 'yan uwanmu na Sudan kuma Allah ya mayar musu da zaman lafiya. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta da kyau a gefe ɗaya na takarda.

Taku har kullum, Antinku ta Zauren 'Yan Mata.